Atam mai kumburi: wai ya fi eriya ji?

Ɗan Samaru:
Salamu alaikum jama'a. Akwai abin da ya hana ni barci jiya, na ce bari in kawo shi nan tunda gidan nan ba a rasa masana. Wai yanzu ana ɗaukar 'yar kwalba wadda ba ta fi ɗan yatsa ba, babu waya a cikinta babu ƙarfe, tururin wani sinadari ne kawai, a haska mata leza, sai ta riƙa jin siginar rediyo da ta waya har da terahaz. Suna kiran abin atam ɗin Rydberg. Na karanta na sake karantawa, wallahi rabi na gane rabi ya bi iska. Dokta in kana kusa a taimaka mana.

Baba Mai Rediyo:
Wa alaikumus salam. Yaro shekarana 40 da wani abu ina gyaran rediyo a Sabon Gari, tun zamanin bawul har aka zo taransisto, ban taɓa ganin abin da ya kama tasha babu eriya ba. Ko ƙaramin rediyon da ake sawa a aljihu akwai sandan ferait a cikinshi an naɗe da waya. Kwalba kuma? Sai dai in na turare ne.

Bakanon Gidan:
Hhhh Zage-zagi an tashi. Mutane na neman na cefane ku kuna neman tasha a cikin kwalba.

Maman 'Yan Biyu:
Kai Bakano ka bari a yi ilimi mana. Ni ina koyar da kemistiri a sakandare kuma sunan Rydberg na san shi a lissafin layukan hasken haidurojin, amma ban san yana da atam nasa na kansa ba.

Doktan Fizis:
Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Yanzu na fito daga aji. Malama shi ne dai mutumin, Johannes Rydberg ɗan ƙasar Suwidin, a 1888 ya fitar da wannan lissafin. Ba wani sabon sinadari ba ne, kowane atam zai iya zama na Rydberg. Kin san elektiron na waje yana zaune a mataki-mataki, mu ce n, to in aka ɗura masa ƙarfi da leza aka cilla shi can sama, mataki na 40 ko 50 ko 100, amma bai kai ga tsinkewa ya gudu ba, shi ke nan ya zama. Faɗin atam yana tafiya da n sau n. Na haidurojin a ƙasa daga tsakiya zuwa baki nanomita 0.053 ne, a mataki na 100 ya ninka sau 10,000, faɗinsa ya kai wajen maikiron 1, girman ƙwayar bakteriya ke nan, atam guda fa.

To elektiron da ya yi nisa haka da gida riƙon da ake masa ya yi sako-sako. Kamar akuya ce a turke, in igiyar kamu biyu ce ba inda za ta, in kuwa ka sake mata igiya ta kai bakin gona to ko ganye iska ta kaɗa sai ta bi. Yadda atam ɗin ke karkata in ya ji lantarki yana hawa da n sau bakwai a jere, wato in ka ninka n sau 2 karkatar ta ninka sau 128. Nan ne sirrin yake gaba ɗaya.

Ɗan Samaru:
Allah ya gafarta Malam, na gane na akuya. Amma ta yaya mu za mu san ya ji? Ai ba a ganin atam.

Doktan Fizis:
Yauwa. A kwalbar ana sa tururin siziyom ko rubidiyom. Mu ɗauki siziyom. Leza ta farko mai tsawon zango nanomita 852, ido ba ya ganinta, in ta shiga tururin yana shanye ta. Sai a turo ta biyu koriya, wajen nanomita 510, daga ɗaya bakin su yi karo. In an saita ta daidai da matakin Rydberg sai wani abin mamaki ya faru, tururin ya daina shanye ta farkon, ya buɗe mata hanya ta wuce. A sikirin za ka ga tsini guda ya taso. Mutanen Stephen Harris a Stanford suka fara nuna wannan buɗewar a 1991, su kuma na jami'ar Durham a Ingila suka yi ta da matakan Rydberg a cikin kwalba a 2007.

Yanzu kawo siginarka ta maikirowef wadda bugunta ya dace da tazarar wannan matakin da na kusa da shi. Tsinin nan guda sai ya tsage ya zama biyu. Autler da Townes suka fara ganin irin wannan tsagewar tun 1955. Iya ƙarfin siginar iya nisan da ke tsakanin tsinayen biyu. Ka auna nisan, ka ninka da lambar Planck, wata tsayayyiyar lamba ta fizis, ka raba da wata lamba ta atam ɗin da ake lissafawa a takarda, ka samu ƙarfin filin lantarkin bolt nawa ne a kowace mita.

Bakanon Gidan:
Filin lantarki kuma? A ina aka yanka shi, akwai takarda? In kusa da Kwangila ne ina so.

Doktan Fizis:
Hhh kai dai ba ka rabo da ciniki. Kalmar ni ma ba ta gamsar da ni ba, abin nufi tunkuɗar da lantarki ke yi a sarari ko babu waya, irin wadda ke sa gashin hannu ya miƙe in ka cire rigar sanyi da hunturu. Wanda ke da kalmar da ta fi ya kawo.

Baba Mai Rediyo:
Dokta na ji bayani kuma na gode, amma ni tambayana ɗaya ne. Wanne ya fi ji, kwalban ko eriya da amfilifaya mai kyau? Don in eriya ya fi to duk wannan dogon Turanci ne.

Injiniyan Palladan:
Baba ka riga ni. Ni aikina na'urorin sadarwan jirgi ne kuma na bi wannan maganar tun da aka fara yayata ta. Abin da ke ba ni haushi yadda 'yan jarida ke rubutawa kamar gobe za a zubar da eriya a bola. Bari in ba ku lambobin. A 2012 mutanen James Shaffer a jami'ar Oklahoma sun ji fili mai rauni har maikirobolt 8 a santimita. Don ku gane, ka ɗauki batirin tocila mai bolt 1.5 ka haɗa kansa da gindinsa da manyan faranti biyu ka raba su kusan kilomita 2, to abin da ke tsakani ke nan. A 2020 mutanen jami'ar Shanxi a Chana suka kai pikobolt 780 a santimita, wannan kuma sai ka raba farantan fiye da faɗin duniya. Abin burgewa ne ba musu. Amma sai da suka zauna suna tara sigina sama da awa guda kafin su kai can, wa zai jira awa guda ya ji hasumiya na ce masa sauka? Kuma risiba ta zamani mai eriya da amfilifaya mara hayaniya har yau a yawancin zango ita ce gaba wajen ji. Ga kuma faɗin abin da yake iya ɗauka a lokaci guda, megahaz kaɗan ne, alhali 5G tashar guda tana cin megahaz 100.

Baba Mai Rediyo:
Alhamdu lillahi. Injiniya Allah ya yi maka albarka. Ashe ba tsufa ke damuna ba.

Injiniyan Palladan:
Amin Baba. Ƙarin daɗi ma, su na Shanxi dabarar da suka yi ita ce ta sufahet ɗinku ta cikin rediyo, sun turo wata siginar gida mai ƙarfi ta gauraya da baƙuwar. Kuma da me suka turo ta cikin kwalbar? Da eriya mai bakin ƙaho.

Baba Mai Rediyo:
Hahaha an kore shi ta ƙofa ya dawo ta taga!

Doktan Fizis:
Duk abin da Injiniya ya faɗa haka ne, ban cire ko wasali ba. Amma ni a ganina tambayar wa ya fi ji ita ce ta karkatar da mu, har su masu tallan abin. Baba bari in tambaye ka. In ka sayi masara tiya 10 a kasuwar Giwa ka zo Tudun Wada aka sake aunawa, 10 kake samu?

Baba Mai Rediyo:
Ina fa. Wani mudun an bubbuge gindinshi, wani an yanke baki. Sai dai a yi ta rantse-rantse.

Doktan Fizis:
To haka eriyar awo take. Kafin ka yarda da abin da ta ce sai an kai ta an saita a cikin filin da aka san ƙarfinsa, shi kuma filin da me aka san ƙarfinsa? Da wata eriyar da aka saita. Mudu ake aunawa da mudu, kuma ba wanda zai nuna maka na farkon. Sannan ita ƙarfe ce, shigarta wurin kaɗai yana lanƙwasa abin da ta zo aunawa. Shi kuwa atam ɗin siziyom da ke Zariya da wanda ke Boulder a Amurka da wanda ke cikin tauraro duk abu guda ne, ba mai bubbuge masa gindi, ba ya tsatsa ba ya tsufa. Awon ya koma awon bugu a daƙiƙa, wanda shi ne abin da ɗan Adam ya fi iya aunawa daidai a duniya, sai lambar Planck wadda tun 2019 aka ƙayyade ta ba ta motsi. Shi ya sa hukumar awo ta Amurka NIST, su Christopher Holloway, suka rungumi abin tun wajen 2014. Masu mudu ne suka fara ganin amfaninsa kafin masu rediyo. Kuma kar ku manta daƙiƙar agogon hannunku ma tun 1967 da siziyom ake ayyana ta, bugu 9,192,631,770.

Injiniyan Palladan:
Wannan na yarda da shi ɗari bisa ɗari, don mu ma kayan awonmu lokaci-lokaci sai an tattara an aika saiti a dawo da satifiket, kuɗi da jira. Sai dai Dokta ka faɗa musu cewa a tsarin sufahet ɗin wannan saita-kai ɗin ba ya zuwa kai tsaye, sai an koma an jingina da tsagewar tsinin.

Doktan Fizis:
Haka ne. Ji da nisa daban, awo na gaskiya daban, kowanne da inda ya fi ƙarfi. Akwai kuma abu na biyu da Baba zai fi kowa ganewa. Rediyon Kaduna a gajeren zango mita 49, eriyar da ta dace da ita rubu'in zango wajen mita 12 ce, ta waifai kuwa santimita 3. In ka matse eriya ta yi ƙanƙanta da zangonta sai ta shaƙe. Kwalbar ba ruwanta, girmanta ɗaya, leza kawai za ka murɗa ka koma wani matakin. A 2021 ɗakin binciken sojan ƙasa na Amurka sun nuna wata na'urar Rydberg da ta saurara daga kusan sifili har gigahaz 20, da aka jona mata eriya ta kama AM da FM da Bluetooth da waifai.

Baba Mai Rediyo:
To wannan kam ya taɓa ni. Band duka a abu ɗaya ba canja koyil.

Maman 'Yan Biyu:
Ni fa tsaya, siziyom ɗin nan ba shi ne mai guba na nukiliya ba? Kar a ce mana irin abin da ke cikin riyakto na CERT, cibiyar binciken makamashi ta nan Zariya, za a zuba a kwalba a ba yara.

Doktan Fizis:
A'a Malama, wanda kike tsoro siziyom 137 ne, shi ke fitar da tururin nukiliya. Na kwalba 133 ne, lafiyayye, ba ya fitar da komai. Haɗarinsa irin na su sodiyom ne da kike nuna wa ɗalibai, in ya taɓa ruwa ya yi bindiga, shi ya sa ake liƙe kwalbar, kuma ɗan ɗigo ne a ciki. Abin dariya yana narkewa a digiri 28.5, wato a Zariya watan Afrilu ruwa ne tsaf. Rubidiyom sai 39, shi ma in zafin bazara ya yi zafi bai tsira ba.

Ɗan Samaru:
Malam saura terahaz ɗin, shi ne ma ya fi ɗaure mini kai.

Doktan Fizis:
Terahaz bugu tiriliyan 1 ne a daƙiƙa, tsawon zangonsa milimita 0.3. Yankin daga 0.1 zuwa 10 ya faɗo tsakanin maikirowef da infrared, ya yi wa taransisto sauri ya kuma yi wa kyamarar haske rauni, ɗan tsakiya ne ba mai shi. Ƙwayar haskensa ƙarfinta wajen mili-elektironbolt 4 ne, ɗumin ɗaki kawai 25 ne, ka ga hayaniyar zafi ta binne shi, shi ya sa na'urorin da suka fi jinsa sai an sanyaya su da ruwan hiliyom a digiri 269 ƙasa da sifili. To tazarar matakan Rydberg na ƙasa-ƙasa ta faɗo daidai wannan yankin. Mutanen Kevin Weatherill a Durham suka yi wata dabara mai kyau, leza uku marasa ganuwa suka shimfiɗa kamar faifai a cikin tururin siziyom, duk inda terahaz mai 0.55 ya sauka sai atam ɗin wurin ya koma wani matakin, yana gangarowa gida sai ya fitar da koren haske da ido ke gani. Kyamara ta yau da kullum ta ɗauka. A 2020 sun ɗauki hoto 3,000 a daƙiƙa guda, babu hiliyom babu komai.

Injiniyan Palladan:
Nan kam ba ni da ja, a terahaz abokan takarar ma ba su da ƙarfi sosai. Kuma yana da amfani a wajenmu, yana ratsa kwali da leda da yadi da soso, ƙarfe ne ke mayar da shi ruwa kuma ya shanye shi. Bayan hatsarin kumbon Columbia a 2003 NASA da terahaz ta riƙa duba soson jikin tankin mai ko akwai rami a ciki. Masu magani ma suna auna kaurin rufin ƙwaya da shi ba tare da an fasa ta ba.

Maman 'Yan Biyu:
Yana ratsa yadi ka ce? Innalillahi. To mu mata ina muka kama, a ce mutum na tsaye da hijabinsa wani na kallonsa a sikirin. Kuma jiki fa, ba irin hoton ƙashi ba ne da ake hana masu ciki?

Bakanon Gidan:
Hajiya ta kawo magana. Ni ma aljihuna nake ji, kar a ga abin da ke ciki a kasuwa.

Doktan Fizis:
Ta fuskar lafiya ba ɗaya ba ne, ƙwayar hasken hoton ƙashi ta fi ta terahaz ƙarfi sau miliyoyi, ita ke iya fizge elektiron daga jikin ƙwayar halitta, terahaz ba ya iyawa, iyakarsa ɗumi in ya yi yawa, kuma a fatar sama yake tsayawa saboda ruwan jiki. Ta fuskar sutura kuwa damuwarki a kan hanya take kuma ba ke kaɗai ba ce. Injinan da ake shiga a ɗaga hannu a manyan filayen jirgi maƙwabcin terahaz suke amfani da shi, zangon milimita, an yi rigima a kansu a Amurka da Turai har aka koma sikirin na nuna zanen mutum-mutumi da alama a inda aka ga abu. Amma a ce wani daga nesa yana leƙen mutane, da wuya, danshin iska kaɗai yana cinye shi.

Ɗan Samaru:
Ke nan da hunturu zai fi tafiya nesa a nan fiye da Agusta?

Doktan Fizis:
Ƙwarai, ka fara tunani irin na masu abin. Iskar Janairu a Zariya busasshiya ce ƙamas, kuma ƙurar da ke hana jirgi sauka ƙwayoyinta sun yi ƙanƙanta ainun a kan milimita 0.3, ba za su watsa shi kamar yadda suke watsa hasken ido ba. Ga maudu'in digiri na biyu nan kyauta, wanda Bature sai ya yi tafiya kafin ya samu irin iskar.

Bakanon Gidan:
Hangen Dala ba shiga birni ba Dokta. Da wace wutar?

Ɗan Samaru:
Wallahi ya taɓo inda ke mini ciwo. Wani lab da na yi aiki a baya awa 5 ina jiran na'ura ta daidaita, tana daidaita aka ɗauke wuta, kafin a tada janareto komai ya koma farko, sau uku a sati guda, ranar na ukun zama na yi a ƙasa kawai ina kallon silin.

Doktan Fizis:
Na san wannan zaman. Amma ku lura abin nan ba ya son hiliyom, ba ya son famfon zuƙe iska, kwalbar a zafin ɗaki take aiki, wutar da leza ke ci kuma sola da batir da inbata sun ɗauke ta. Wahalar a lezar take, dole bugunta ya tsaya cak cikin megahaz guda ko ƙasa, ɗaki ya riƙe zafi ɗaya, tebur kar ya girgiza. Ta biyun, shuɗiya mai nanomita 480 in rubidiyom ne, ita ce mai tsadar. Akwai ma wata matsalar da ba a cika faɗa ba, in filin mai jinkiri ne kamar na wayar wuta mai bugu 50, sinadarin da ya manne a bangon gilas yana tare shi ya hana shi shiga, sai da mutanen ɗakin binciken Sandia na Amurka a 2020 suka koma kwalbar dutsen safaya maimakon gilas kafin su ji ƙasa da kilohaz 1. Ni ba zan ce mu fara daga can ba. Matakin farko leza guda mai 780 da kwalbar rubidiyom, ɗalibi ya ga layin atam da idonsa a sikirin. Carl Wieman wanda ya ci Nobel a 2001, tun 1992 shi da abokansa suka wallafa yadda ake haɗa irinta da hannu don ɗalibai.

Baba Mai Rediyo:
Tsaya Dokta. 780 ka ce? Ai idon sidi 780 ne, haka ke rubuce a littafin gyara. Ina da buhu guda na matattun sidi a bayan shago tun da aka koma memori ba mai tambayansu, har na yi niyyan ba 'yan gwangwan.

Doktan Fizis:
Baba kar ka bayar! Shi ne fa, na sidi ba na dibidi ba, na dibidi ja ne 650. Yawanci suna faɗowa tsakanin 780 da 790, layin rubidiyom kuma 780.2 yake, to sai an zaɓa an kuma sanyaya, duk digiri 4 yana jawo shi ƙasa kamar nanomita 1. A cikin buhu ba za a rasa na kirki ba. Amma don Allah kar wanda ya kunna ya leƙa, ido ɗan ja-ja kawai yake gani alhali ƙarfin na nan, yana ƙona ido ba a sani ba.

Injiniyan Palladan:
Ni zan haɗa saket ɗin da zai riƙe karant da zafi, ina da peltiya biyu a gida, 'yan farantan sanyaya abu da lantarki. Amma a rubuta a ajiye, har yanzu ban janye ba, eriya ta fi ji.

Maman 'Yan Biyu:
In ya tashi ku faɗa mini in kawo 'yan aji uku su gani, sun gaji da zanen Bohr a allo.

Bakanon Gidan:
Kwalbar rubidiyom ɗin fa, a Sabon Garin za ku samo? Ku turo mini sunanta daidai da girmanta in tambayi yaron da ke mana odar kaya daga Chana, amma ladan dillali na nan.

Baba Mai Rediyo:
Asabar bayan la'asar ina shago. Ɗan Samaru ka zo da ƙaramin sukudireba mai tauraro, nawa ya cinye, kuma buhun akwai ƙura ka sa tsohon riga.

Ɗan Samaru:
In sha Allahu Baba. Malam ita shuɗiyar fa, ba za a samu a cikin wani abin ba?

Doktan Fizis:
Ta Blu-ray 405 ce, ta yi nisa da 480. Ku fara ciro na sidin tukuna, kuma kowa ya taɓa ƙarfe ya sauke cajin jikinsa kafin ya taɓa ƙafafun idon sidin, tartsatsin da ba ka ma ji ba yana kashe shi.